Kwarkwaron Dutse

Zuwa ga ɗana Giɓi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. In ka duba hannun ba ka gane shi ba, Goggonka ce tela, taubashiyar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, wadda ta ɗinka maka wandon da ka fara zuwa makaranta da shi. Na san yanzu ka girma har ana ce maka maigida, amma ni ban san maka wani suna ba sai wanda muka sa maka ranar da ka faɗo daga katanga ka bar haƙoranka na gaba a ƙasa. Da aka gaya min wai sana'arka a asibiti ita ce haɗa wa mutane haƙoran roba, sai da na yi dariya har na ƙware.

Ni dai da sauƙi. Sukari ne ya ɗan taso, gwiwoyi kuma sun fara ƙara kamar tsohon keken ɗinkina. Likita ya ce in riƙa tafiya kowace safiya, shi ya sa na fara zagaya kwazazzabon nan na bayan gida, wanda ruwan sama yake ƙara yagewa duk shekara. Ka san idon tela, ko allura ta faɗi sai ya gano ta. To ina tafe ina kallon ƙasa, sai na fara ganin wasu duwatsu da ban taɓa ganin irinsu ba, alhali a gidan nan na tsufa.

Na sa maka guda uku a gwangwanin maɓallai, direban bas ɗin da ke zuwa garinku zai kawo maka. Kunnena da waya ba sa shiri, kuma waya ba ta ɗaukar dutse. Akwai baƙi mai nauyin tsiya, ina zaton daga sama ya faɗo. Akwai mai faɗi da zanen ganye a jikinsa, ko mai aikin surfani bai isa ya yi irinsa ba. Na ukun kamar harshen tsuntsu yake, yana sheƙi, kuma ka yi hattara don ya yanke min yatsa. Akwai wasu kuma da ban aiko ba, masu kama da kwarkwaron zaren keken ɗinki.

Ga dalilin da ya sa na tuna da kai. Kana yaro aljihunka kullum a yage yake saboda tsakuwa, ni nake ɗinkewa. Babban ɗana, Mai Tipa, ya fara gina min ɗaki a gidansa. Ya ce tsohuwar da take jido duwatsu tana tarawa a ƙarƙashin gado bai kamata a bar ta ita kaɗai ba. Ni kuma ba na son barin gidana. Ka duba min su da gilashinku na aiki, ka gaya min gaskiya ko da ba ta da daɗi: akwai abin gani a nan, ko kuwa gigin tsufa ne ya fara kama ni?

Goggonka Tela

*

Zuwa ga Goggo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso lafiya, kuma wallahi na ji daɗin ganin hannunki fiye da yadda zan iya faɗa. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke fama da tari, shi ma ya fara sauƙi. 'Yarki, maiɗakina, tana gaishe ki, ta ce yanzu ta gane inda na samo halin tara tarkace. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Bari in fara da wanda ba zai yi miki daɗi ba. Baƙin nan ba daga sama ya faɗo ba. Jikinsa duk ƙananan ramuka ne kamar soso, wani gefen kuma ya narke ya daskare. Kashin maƙera ne, Goggo. Wasu mutanen da ne suka taɓa narka ƙarfe a wajen, suka zubar da dattin. Mai zanen ganye kuwa ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba, sai na tambaya.

Amma na ukun! Na zazzage gwangwanin a kan teburina, tsakanin kwanon filastar zuba haƙori da jeren haƙoran wani tsoho da nake gogewa, sai na ga hannuna ya tsaya cak. Na sa shi ƙarƙashin gilashi na kunna fitila. Goggo, wannan ba harshen tsuntsu ba ne, haƙori ne. Shekara da shekaru ba na kallon komai sai haƙora, ko a cikin duhu na taɓa shi zan gane. Ga saiwarsa mai garas-garas, ga layin da dasashi ya tsaya, ga ɓawon nan mai sheƙi da ke rufe kowane haƙori. Bakinsa kuma tsaga-tsaga ne ƙanana kamar zarto, jere reras, ba wadda ta fi wata. Na gwada ƙirƙirar irin wannan daidaito da hannuna tsawon rayuwata ban kai ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne na waye. Ba na saniya ba ne, ba na kare ba, ba na kada ba. Kuma na ƙwanƙwasa shi da ƙarfe, ƙarar dutse yake yi. Haƙori ne da ya zama dutse. Tun da na gan shi tsigar jikina take tashi, abokan aikina har sun gaji da ni.

Waɗannan masu kama da kwarkwaro, ki aiko min ɗaya. Kafin nan akwai gwajin da wani abokin aikina ya ce masu neman irin waɗannan abubuwa suna yi. Ki goge wurin da ya ɗan fashe, ki taɓa shi da kan harshenki. In dutse ne zalla ba abin da za ki ji. In tsohon ƙashi ne, sau da yawa sai ya ɗan kama harshen.

Kanki ƙalau yake, Goggo. Ki gaya wa ɗan'uwana Mai Tipa in ji ni.

Ɗanki Giɓi

*

Zuwa ga Giɓi,

Bayan sallama da gaisuwa, yaya mai tari? A riƙa rufe mata ƙirji da safe. Ni lafiya lau, rabon da in ji ƙarfi haka tun ina ɗinkin kayan makaranta.

Kai yaron nan ka ja min magana! Na ɗauko kwarkwaro guda na goge shi da bakin zanena, na zauna a tsakar gida na sa masa harshe. Ya kama, Giɓi. Ya tsotse min harshe kamar busasshen tulu. Don in tabbatar sai na ɗauko tsakuwa ta gari na lasa, ba komai, na sake komawa kan kwarkwaron. Ina cikin haka, dutse a kowane hannu, harshe a waje, sai ga surukata, matar Mai Tipa, ta shigo da kwanon abinci. Ta tsaya ta saki baki. Ta ce, "Inna, yunwa kike ji ne?" Na ce mata bincike nake yi. Ko zama ba ta yi ba.

Da la'asar sai ga mijinta, ko ƙurar jikinsa bai kakkaɓe ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, dutse fa sana'ata ce. Safe da yamma shi nake lodawa ina saukewa. Wallahi dutse dutse ne. Yau an ce kina lasa, gobe me za a ce?" Na nuna masa inda ka rubuta cewa haƙori ne. Ya ce ai mai haɗa haƙora ko gyaɗa ya gani zai ce haƙori ce. Ba rashin kunya yake min ba, tsoro na gani a idonsa, kuma shi ne ya fi damuna. Ginin ɗakin ya kai linta.

Bar wannan, ka ji abin mamaki. Bayan ruwan da aka yi wancan mako wani gefen kwazazzabon ya zube, sai ga kwarkwaron nan sun leƙo daga jikin ƙasa a jere, ɗaya na bin ɗaya kamar maɓallan riga. Kowanne zagaye ne, da lotsawa gaba da baya, da zobe cikin zobe har tsakiya. Na ɗauko tsohon almakashina ina tono su ɗaya bayan ɗaya. Ka san tela ba ta iya ganin abu a barbaje. Na wanke su na ware su, manya a bokiti guda, matsakaita a guda, ƙanana a gwangwanaye. Manyan sun kai murfin kofi, ƙananan ba su fi maɓallin kwat ba.

Jiya na ce bari in jera su daga babba zuwa ƙarami a kan teburin yanka. Teburin ya ƙare ba su ƙare ba. Sai na tsaya ina kallo, don abin ya daina kama da duwatsu, ya koma kama da bayan wata halitta da ke kwance a ɗakina. Na yi ta salati. Ga guda nan na aiko, da mai zanen ganye ƙari. Akwai sauran da yawa a cikin ƙasa, gobe zan koma.

Goggonka

*

Goggo,

Gaisuwa a tsaye, direba yana jira a ƙofa. Saƙonki ya iso. Na yi magana da wata masaniya a nan wurin aikinmu, abin da ta gaya min ya girgiza ni. Don girman Allah ki daina kwasar duwatsun nan, kada ki ƙara taɓa wurin. Cikakken bayani yana tafe.

Giɓi

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, gwiwa kuma tana ba ki dama. Mai tari ta warke har ta koma ɓarna. Ki yi haƙuri da guntuwar takardar shekaranjiya, yanzu na samu zama.

Akwai wata baiwar Allah da nake yi wa haƙoran gefe, ashe malama ce a jami'a, duwatsu take koyarwa. Ta zo gwaji, bakinta cike da auduga, sai idonta ya faɗa kan kwarkwaronki a teburina. Goggo, matar nan ta tofar da audugar ta miƙe tsaye. Ta ce, "A ina ka samo wannan?" Na ce Goggona ce ta tsinto a bayan gidanta. Ta manta da abin da ya kawo ta, muka zauna har aka tashi aiki.

Ga abin da ta ce. Kwarkwaron nan gaɓa ce ta ƙashin bayan wani babban kifin teku da ake kira shak, haƙorin ma na irinsa ne. Zoben da kike gani ciki da ciki alamar girmansa ce, kamar zoben da ke cikin kututturen itace. Na ce mata, Malama, garin Goggo ko kogin kirki babu, sai an yi tafiyar kwanaki kafin a ga teku. Ta yi murmushi ta ce to da can tekun ne ya zo wurin. Ta ce shekaru miliyoyi da suka wuce, tun babu ɗan Adam ko ɗaya a doron ƙasa, inda gidanki yake ƙasan ruwa ne mai zurfi. Kifin ya mutu ya nutse, laka ta rufe shi, a hankali ƙashin ya sha ma'adinan ƙasa ya zama dutse, ruwan ya janye, ƙasa ta hau kansa. Yana nan kwance har ranar da likita ya ce ki riƙa tafiya.

Na dawo gida ina tunanin igiyar shanyarki da bishiyar ƙofar gidanki da katangar da na faɗo daga kanta, a ce duk kifaye sun taɓa yin iyo a samansu. Na kasa cin abinci. Allah mai iko.

Mai zanen ganye kuwa ta ce ba ganye ba ne, ruwa ne mai ɗauke da baƙin ma'adini ya ratsa tsagar dutse ya bar sawunsa. Ta ce yana yaudarar mutane da yawa.

Dalilin da ya sa na ce ki dakata shi ne wannan. Ta ce haƙori ɗaya ko gaɓa ɗaya ana yawan tsinta, amma a same su jere yadda suke a jikin kifin abu ne da mai wannan aiki zai iya tsufa bai gani ba. Yadda suke kwance a ƙasa shi ne rabin labarin, shi ya sa take roƙo a bar sauran a inda suke har ta zo da ɗalibanta. Waɗanda kika riga kika tono ki adana su da kyau. Da na gaya mata kin jera su daga babba zuwa ƙarami sai ta yi dariya, ta ce ai kusan haka Allah ya jera su tun farko, daga gangar jiki zuwa wutsiya. Tana son ta gan ki.

Na kira Mai Tipa a waya, yana kan hanya ba a ji sosai. Abin da na tsinta kawai shi ne ya gode da shawarata. Na ji daɗi da ya fara saukowa.

Ɗanki Giɓi

*

Zuwa ga ɗan taubashina,

Bayan gaisuwa, ina fata iyali suna lafiya. Ni ma ina nan yadda Allah ya so. Wani maƙwabcinmu ne zai kawo maka wannan, don an ce bas ɗin direbanmu tana gareji tun makonni. Na jira bayanin da ka ce yana tafe har na gaji.

Guntuwar takardarka ba hannuna ta fara shiga ba. Direba ya haɗu da Mai Tipa a tasha ya ba shi. Ya zo da ita gida, ya tara ƙannensa, ya karanta a gabana. Ya ce, "To Inna, kin ji. Wanda kike kafa hujja da shi ma ya kai maganarki gaban likitar asibitinsu, abin ya girgiza shi. Ya ce ki daina." Na karɓa na karanta da idona, na ga hannunka ne, na ga haka ka rubuta. Da ɗaya daga cikinsu ne ya faɗa da na yi musu. Amma kai ne ka ce min kaina ƙalau yake.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na dai ce to.

Kashegari ya zo da mota ya kwashe bokitan da gwangwanayen. Bai zubar da su a bola ba, ka san shi ba ya ɓarnar dutse. Ɗakin da yake gina min yana buƙatar ciko kafin a yi daɓe, sai ya juye su a ciki tare da sauran tsakuwa. Ya ce min, "Kin ga sun yi amfani, Inna, wahalarki ba ta tafi a banza ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Tun yana yaro haka yake, in ya ga ina ɗaukar kaya sai ya karɓe.

Na daina zuwa kwazazzabon. Da safe ina zagaya tsakar gida, likita ai tafiya ya ce, bai ce ina ba. Na fara naɗe yadudduka, na cire kan keken na sa a kwali. In an gama daɓe ya bushe zan koma.

Abu ɗaya nake so ka sani. Ko da gigi ne, ranar da na jera su a kan tebur na ji wani abu da ban taɓa ji ba, na ji girman Allah har cikin ƙashina. Ban san gigi yana zuwa da irin wannan ba. In ka ga dama ka dawo min da harshen tsuntsuna, shi da kwarkwaron da ke wurinka kaɗai suka rage.

Goggo

*

Zuwa ga ɗan'uwana Mai Tipa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga, shi ya sa na biyo ta hannun maƙwabcinku da zai juya yau.

Don Allah in ba a zuba siminti a ɗakin nan ba, a dakata. Matar da na ce na yi magana da ita ba likita ba ce, malamar jami'a ce mai ilimin duwatsu. Abin da ya girgiza ni ba lafiyar Goggo ba ce, abin da ta gano ne. Gaggawa ta sa na yi rubutu rabi da rabi. Cikakken bayanin yana cikin bas ɗin da ke gareji, ga shi na sake kwafe maka shi, ka karanta mata da bakinka.

Ban ga laifinka ba. Da ni na shigo na tarar da mahaifiyata tana lasar dutse, da na fi ka rikicewa, kuma ni na sa ta.

Na san ba ka yarda da maganar takarda, ka fi yarda da hannunka. Ga haƙorin nan na dawo da shi, na haɗa da wani na mutum da na zuba da filasta. Ka riƙe su tare a rana. Ka dubi saiwa, ka dubi inda sheƙin ya fara. Sannan ka shafa bakinsa da babban yatsa, a hankali. Kai da ka san tsakuwar kowane rami, ka gaya min ko ka taɓa loda dutsen da aka yi wa wasa irin wannan.

Ɗan'uwanka Giɓi

*

Zuwa ga ɗana Giɓi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida 'yata da jikokina, musamman mai ɓarna. Ni lafiya sumul, sukari ya sauka, gwiwa ce dai take ƙorafi don na koma ba ta aiki. Na yafe maka, amma daga yau in direba yana jira ka bar shi ya tafi.

Ɗan'uwanka ya shigo min da hantsi da yatsa ɗaure da tsumma. Ka ce masa a hankali, shi kuma bai san a hankali ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya karanta min doguwar wasiƙarka. Da ya kai wurin da ka ce gidan nan ƙasan teku ne sai ya ɗaga kai yana kallon igiyar shanya. Sannan ya ce, "Inna, tashi mu je."

Mun tarar magini ya riga ya yi daɓen rabin ɗakin, ɓangaren da za a sa gado, har ya bushe. Sauran rabin yana nan a buɗe. Mai Tipa ya sallami magini, ya cire riga, ya ɗauko rariyar yashi. Ƙaton mutumin nan da ke juye mota guda ta dutse ba ya waiwaye, sai ga shi a durƙushe yana tsintar tsakuwa ɗaya-ɗaya yana hure mata ƙura yana miƙo min. "Inna, wannan fa?" In ce tsakuwa ce. "Wannan fa?" In ce shi ne. Can na juya na gan shi ya faki idona ya sa wa wani harshe. Matarsa tana tsaye a taga tana kallo. Na kau da kai, na bar wa Allah.

Mun samu ƙanana da matsakaita kusan duka. Manyan su ya fara juyewa, suna ƙarƙashin siminti. Ya ɗauko guduma zai fasa, na riƙe hannunsa. Na ce gudumar da za ta fasa daɓen ita za ta farfasa su, kuma ɗaki ne da ɗana ya gina min da guminsa. A bar su.

Malamarka ta zo da ɗalibanta. Mace mai kirki, haƙoran da ka yi mata sun zauna daidai, na duba. Na kai su wurin, ina gaba suna bina. Sun yi kwanaki suna share ƙasa da ɗan burushi, abin da ni da almakashina da mun gama kafin azahar. Da suka buɗe sauran, Giɓi, sai ga ƙashin bayan ya miƙe cikin gaɓar kwazazzabon ya lanƙwasa, da haƙora barbaje a can gaba inda kan yake. Na tsaya a busasshiyar ƙasar da na sani tun ina amarya, rana tana dukan ƙeyata, ina kallon kifi. Mai Tipa yana gefena riƙe da gwiwar hannuna. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Inna, to duk ruwan nan ina ya tafi?" Rabon da ya tambaye ni abin da bai sani ba tun yana ɗan firamare. Na ce masa ni ma ban sani ba, amma za mu tambaya.

Malamar ta ce za su tafi da abin da aka tono inda za a adana shi mutane su gani, da sunana a jiki. Na ce su bar min ƙaramin kwarkwaro ɗaya da haƙorina. Ta nuna min yadda zan riƙa sa alama in na ga wani abu, in bar shi a wurinsa. Ta ce bayan kowane ruwa a samu mai zagayawa, kuma ba ta da wanda ya fi kusa da wurin sai ni.

Kan keken ya fito daga kwali, ɗan'uwanka ne ya ɗaura shi da kansa. Ba wanda ya sake tayar da maganar tashi. Yanzu in zai wuce da mota yakan tsaya ya zube min abin da ya tsinto a ramin yashi, yawanci shirme ne, amma ina dubawa.

An ƙarasa ɗakin, an yi fenti, an kulle. Na gaya masa ya ajiye makullin, ranar da gwiwoyin nan suka ƙi kai ni kwazazzabo ni da kaina zan ce a zo a ɗauke ni. Sharaɗina ɗaya ne, kada a canza wa gadon wuri. Na san abin da ke kwance a ƙarƙashinsa, kuma ya fi ni daɗewa yana jira.

Ka kawo min yaran in an yi hutu, da riguna masu aljihu. In sun yage ina nan.

Goggonka Tela